Charles Richet: likitan da ya ci kyautar Nobel, ya kuma ɗauki hoton fatalwa a Aljeriya

Duk ma'aikacin jinyar da ya taɓa yi wa mutum allurar fenisilin ko ta maganin dafin maciji, sannan ya ce masa ya ɗan zauna tukuna kada ya tafi, yana aiki ne da wani abu da Charles Richet ya gano a shekarar 1902. Akwai mutanen da jikinsu ke yi wa magani, ko abinci, ko harbin ƙudan zuma mummunan bore idan suka sake haɗuwa da shi a karo na biyu. Numfashi ya sarƙe, jini ya sauka, in ba a yi hanzari ba rai ya yi halinsa. Richet ne ya raɗa wa wannan hali suna anafilaksi, kuma a kansa aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1913.

Wannan mutumin dai shi ne ya tafi birnin Aljiyas a 1905, ya zauna a wani ɗaki mai jar fitila, ya ɗauki hoton abin da aka ce masa fatalwar wani malamin addinin Hindu ce, ya kuma koma gida ya rubuta cewa bai ga alamar yaudara ba. Ya kwashe shekara sittin yana neman hujjar cewa tunanin mutum na iya isa ga wani ba tare da magana ko alama ba. Har yau, idan gardama ta tashi a kan ko za a iya kiran irin wannan bincike kimiyya, masu cewa e da masu cewa a'a duka sukan kafa hujja da sunansa.

Ɗan gidan likitoci

An haife shi a birnin Paris a watan Agustan 1850. Mahaifinsa, Alfred Richet, babban likitan fiɗa ne kuma malami a tsangayar likitanci, gida ne na ilimi da wadata. Charles ya karanta likitanci, amma hankalinsa ya fi karkata ga sanin yadda jiki ke aiki fiye da zaman duba marasa lafiya. Ya yi nazarin ruwan da ciki ke narka abinci da shi. Ya nuna cewa hakin da kare ke yi lokacin zafi hanya ce ta sanyaya jiki, tunda kare ba ya gumi kamar mutum. A 1887 ya zama farfesan ilimin aikin jiki a tsangayar likitanci ta Paris. Shekara guda bayan haka, shi da abokin aikinsa Jules Héricourt suka nuna cewa jinin dabbar da ta tsira daga wata cuta na iya kare wata dabbar, tunanin da aka gina magani da ruwan jini a kansa.

Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya rubuta labaran ƙirƙira da wasan kwaikwayo da sunan aro, ya yi fafutukar hana yaƙi, ya kuma haɗa kai da Louis Breguet da ɗan'uwansa wajen ƙera wani jirgi mai fukafukai masu juyawa, wanda a 1907 ya ɗan ɗaga daga ƙasa mutane na riƙe da shi. Tun yana ɗalibi a asibiti ya fara gwada sa marasa lafiya barcin ɗauke hankali da magana kawai, kuma a 1875 ya buga maƙala yana cewa abin gaskiya ne, a lokacin da manyan likitocin Faransa ke ɗaukarsa wasan ƴan damfara. Daga baya likitoci suka yarda. Wannan nasara ta farko ta bar masa wani darasi da ya riƙe har mutuwa, cewa abin da masana ke yi wa dariya yau yana iya zama ilimi gobe. Darasin gaskiya ne, sai dai Richet ya yi ta amfani da shi har a inda bai dace ba.

Karta da lissafi

A 1882 wasu masana a Ingila suka kafa ƙungiyar binciken al'amuran ruhi a Landan, kuma ɗaya daga cikinsu, Frederic Myers, ya ƙirƙiro kalmar telefati, wato isar abin da ke zuciyar wani zuwa zuciyar wani ba ta hanyar gani, ji ko taɓawa ba. Abin da suke da shi a hannu galibi labarai ne: uwa ta farka tsakar dare da jin cewa ɗanta ya mutu a wata ƙasa, daga baya wasiƙa ta zo ta tabbatar. Irin wannan labari babu al'ummar da ba ta da shi. Matsalarsa ita ce babu mai ƙirga dararen da uwa ta farka da irin wannan fargaba, gari ya waye ɗan na nan lafiya lau.

A nan ne Richet ya yi abin da ya fi kowane aikinsa a wannan fage daraja. A 1884 ya ce a ajiye labarai, a ɗauko karta. Karta iri huɗu ce. Mutum ɗaya ya zaro kati ya dube shi, ɗayan ya faɗi irinsa ba tare da ya gani ba. Wanda ke cinke kawai zai dace sau ɗaya cikin huɗu idan aka yi ta maimaitawa. Saboda haka tambayar ta koma ta lissafi: shin dacewar za ta wuce abin da sa'a kaɗai ke iya bayarwa? Ya yi gwajin da kansa da abokansa, mutanen da ba su taɓa da'awar wata baiwa ba. Cikin gwaji 2,927 an dace sau 789, alhali sa'a zalla za ta ba da kimanin 732. Rarar 57 ke nan.

Rarar ba ta da yawa, kuma shi kansa bai ce ya kafa hujjar ƙarshe ba. Amma ya lura cewa dogayen zama sun fi ba da sakamako maras kyau, sai ya ce gajiya ce, ya ware su gefe. Abin da ya rage shi ne gwaji 1,833 da dacewa 510, inda sa'a za ta ba da 458. Lissafin ya ƙara kyau, amma ta hanyar da duk mai bincike a yau zai ƙi. Wanda ya ga sakamako tukuna sannan ya zaɓi abin da zai ƙirga, ko da zuciyarsa fes take, ya riga ya sa yatsa a kan sikeli. Akwai kuma ƙananan ƙofofi da ba a toshe ba: mutum biyu a ɗaki ɗaya, motsin leɓe, canjin numfashi, tabo a bayan tsohon kati. A 1895 wasu masana biyu a Denmak, Hansen da Lehmann, suka nuna cewa mutumin da ya tattara hankalinsa a kan wata lamba yana iya raɗa ta bai sani ba, na kusa da shi kuma ya ji bai san ya ji ba. A 1917 John Coover na jami'ar Stanford a Amurka ya buga sakamakon gwaji kusan dubu goma da karta, ya ce bai ga telefati ba.

Duk da haka dabarar ta rayu. Masanin tarihin kimiyya Ian Hacking ya nuna a 1988 cewa binciken telefati na cikin wuraren farko da aka fara barin sa'a ta zaɓi abin da za a gwada, sannan a auna sakamako da lissafin yiwuwa. Irin wannan tsari ne ake bi yau kafin a amince da sabon maganin zazzaɓin cizon sauro ko allurar rigakafi. Abin mamaki shi ne Richet, wanda ya kawo wannan ma'auni, bai daɗe a kansa ba. Rarar kati 57 ba ta ƙosar da shi ba, yana son ya ga abu da idonsa.

Matar Napoli

Ya gan shi a wurin Eusapia Palladino, wata mata ƴar kudancin Italiya wadda ba ta yi karatu ba, amma ta shahara da cewa ruhohi na aiki ta jikinta. A zamanta tebur kan ɗaga, labule ya kumbura, kayan kiɗa su yi ƙara, mutane su ji hannu ya taɓa su a duhu. A 1892 aka tara masana a Milan su gwada ta, har da masanin taurari Schiaparelli da likita Cesare Lombroso. Richet ya halarci wasu daga cikin zaman, kuma a wannan karo ya yi taka-tsantsan. Bai sa hannu a rahoton ba, domin bai gamsu da yadda ake riƙe hannuwanta ba.

Shekara biyu bayan haka ya gayyace ta gidansa na hutu a wani ɗan tsibiri da ke gaɓar kudancin Faransa, tare da Myers, da masanin kimiyyar lantarki Oliver Lodge, da Julian Ochorowicz na Folan. Tsibiri ne da babu wanda zai shigo a ɓoye ya taimaka mata. Suka fito da yaƙinin cewa abin gaskiya ne. A wannan lokaci ne Richet ya ƙirƙiro kalmar ektofilasma, sunan wani abu da ya yi imani yana fita daga jikin mai kiran ruhohi kamar ƙarin hannu, ya motsa kaya daga nesa.

A 1895 aka kai ta Kembirij a Ingila. Can wani mai suna Richard Hodgson, wanda ya san dabarun ƴan rufa-ido, ya yi kamar sakarai ya sassauta riƙo da gangan don ya ga abin da za ta yi. Dabarar ta fito fili. Mutum biyu ne ke zaune a gefenta, kowa na tsare da hannu ɗaya. A cikin duhu, tana mutsu-mutsu da nishi, sai ta matso da hannuwanta kusa da juna har ya zama hannu ɗaya ne ke taɓa su duka biyun, na dama yana jin yatsu, na hagu yana riƙe da wuyan hannu, ɗaya hannun kuma ya sami ƴanci. Haka take yi da ƙafa. Ƙungiyar Landan ta wanke hannunta daga gare ta.

Amsar Richet ita ce ta fi komai bayyana inda ya tsaya. Ya yarda tana yaudara, ya ce ma ya daɗe da sanin dabarar. Amma a ganinsa takan yi hakan ne idan aka ba ta dama ko ƙarfinta ya yi rauni, in an tsare ta da kyau kuwa abin gaskiya ne ke faruwa. Da wannan bayani babu sauran hanyar da za a kayar da da'awar. In an kama ta, ranar ce ba ta yi kyau ba. In ba a kama ta ba, hujja ta samu. In babu abin da ya faru sam, to masu shakka ne suka ɓata yanayin. Ba shi kaɗai ya faɗa wannan rami ba: Pierre da Marie Curie sun zauna da Palladino a Paris daga 1905, kuma Pierre ya ɗauki lamarin da muhimmanci ƙwarai. Gwanin ɗakin gwaji ya saba da abin da ba ya yi masa ƙarya da gangan. Ƙarfe da gishiri ba sa karanta fuskar mai auna su, Palladino kuwa sana'arta ke nan.

Kare mai suna Neptune

Ana cikin wannan ne ya yi aikin da ya ɗaukaka sunansa. A 1901 Yarima Albert na Monako ya gayyace shi da wani matashin masani, Paul Portier, cikin jirgin ruwansa na bincike zuwa yankin tsibiran Kap Bar, don su yi nazarin dafin wata halittar teku mai dogayen zaruruwa da ke ƙona masunta. Da suka dawo Paris suka ci gaba da dafin wata halittar mai kama da ita. Nufinsu su saba wa karnuka da dafin kaɗan-kaɗan har su sami kariya. Sai akasin haka ya faru. Wani lafiyayyen kare mai suna Neptune ya ɗauki allurar farko ba tare da wata damuwa ba. Bayan ƴan makonni aka sake yi masa ɗan kaɗan, nan take ya fara haki da amai, ya mutu cikin kimanin minti 25.

Abin ya saɓa wa duk abin da aka sani game da rigakafi a lokacin, ya kuma saɓa wa abin da su biyun ke fata. Suka maimaita a kan wasu karnukan, suka auna yawan dafi da tazarar kwanaki, suka gabatar da sakamakon a watan Fabrairun 1902. Masana a wasu ƙasashe suka gwada da wasu dabbobi da wasu sinadarai, suka ga abu ɗaya. Babu wanda ya buƙaci ya yarda da gaskiyar Richet ko ya rage hasken fitila. Kyautar Nobel ta zo masa shi kaɗai, Portier bai samu ba.

Fatalwar Villa Carmen

Shekara uku kacal bayan mutuwar Neptune ya sauka a Aljiyas, wadda a lokacin ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Mai masaukinsa wani janar ne na soja, Noël, da matarsa, a gidansu mai suna Villa Carmen. Ɗansu Maurice ya mutu a Kwango a 1904, kuma budurwar da zai aura, Marthe Béraud, ita ce ke zama bayan labule a zaman kiran ruhohi da matar janar ke shiryawa. Wani lokaci akan sa wata baƙar mai aikin gidan, Aisha, ta zauna tare da ita. Daga bayan labulen ne wani dogon abu cikin fararen tufafi, da wani abu kamar kwalkwali a kai da baƙin gemu, yakan fito ya zaga ɗakin. Sunansa Bien Boa, an ce ya rayu a Indiya shekara ɗari uku da suka wuce.

Richet ya bincika ɗakin, ya ɗauki hotuna, sannan ya yi wani gwaji da yake alfahari da shi. Ya miƙa wa fatalwar kwalba mai ruwan barita, wani ruwa da ke komawa fari kamar madara idan iskar da mai rai ke fitarwa ta ratsa shi. Fatalwa ta hura ta cikin bututu, ruwa ya yi fari. Ga mafi yawan mutane wannan ya isa ya nuna cewa mutum ne mai huhu a cikin zanin. Richet kuwa ya fassara shi da cewa abin da ya bayyana ya ɗauki dukkan siffofin rai. Shi da kansa ya lura cewa gemun ya yi kama da na liƙawa, kuma duk wanda ya dubi hotunan yau zai ga haka. Abu ɗaya da zai raba gardama, wato a kama fatalwar a riƙe ta a kunna fitila, ba a yi shi ba, domin ƙa'idar gidan ta hana, kuma baƙo ba ya karya ƙa'idar mai gida.

A 1906 wani likita a Aljiyas, Rouby, ya fito da wani ɗan ƙasar mai suna Areski, tsohon mai tuƙa keken dokin janar, wanda ya ce shi ne yakan yi shigar Bien Boa. Har an sa shi ya maimaita wasan a gaban jama'a. Wani lauya mai suna Marsault shi ma ya ce Marthe ta shaida masa cewa wasa ne ake yi wa matar janar. Richet ya musanta duka. Ya ce Areski bai taɓa shiga ɗakin ba a zaman da shi ya halarta, kuma korarren bara ne da ba a yarda da maganarsa. Mai yiwuwa ne a kan batun farko yana da gaskiya, domin ba lallai mutum ɗaya ne ya yi ta sa gemun a kowane dare ba. Amma ginshiƙin hujjarsa shi ne mutunci: ba zai yiwu ƴar gidan hafsan soja ta yaudari janar da farfesa ba, kalmar mai keken doki Balarabe kuwa ba ta da nauyi. A Aljeriyar 1906 wannan magana ta wadatar da mutane da yawa. Ba ta auna komai game da abin da ke bayan labule ba.

Marthe Béraud ta koma Paris, ta ɗauki sunan Eva Carrière, ta ci gaba da sana'a a hannun wata mata mai suna Juliette Bisson da wani likitan Jamus, Schrenck-Notzing. A hotunan da aka ɗauka, fuskokin da ke fitowa kusa da kanta shafaffu ne kamar takarda, kuma masu lura suka gane wasu daga cikinsu: hotunan shugabanni ne irin su Woodrow Wilson da Raymond Poincaré da aka yanko daga mujallar Le Miroir aka ɗan yi musu kwaskwarima. A wani hoton har haruffan sunan mujallar sun fito.

Littafi mai shafi 800 da zama 15

Ya kamata a yi wa Richet adalci a kan abu ɗaya: bai taɓa yarda cewa matattu ne ke dawowa ba. A ganinsa duk waɗannan abubuwa ƙarfi ne na jikin mai rai wanda ba a gano ba tukuna, wata kafar ji ta shida, kuma wata rana za a koyar da ita a aji kamar yadda ake koyar da gani da ji. Ya raɗa wa fagen suna métapsychique a 1905, shekarar da ya shugabanci ƙungiyar Landan. A 1919 yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar binciken wannan fage a Paris da kuɗin wani attajiri, Jean Meyer. A farkon 1922 ya ajiye littafinsa mai kusan shafi 800, Traité de métapsychique, a gaban Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa, wadda shi mamba ne a cikinta tun 1914. Saƙonsa shi ne shaidu sun yi yawan da ba za a ce duka ƙarya ba ne.

A wannan shekarar aka ba da amsa. Masana a jami'ar Sorbonne, Louis Lapicque da Georges Dumas da Henri Piéron da Henri Laugier, suka shirya wa Eva Carrière zama 15 a ɗakin gwaji, bisa sharuɗɗan da ɓangarorin biyu suka amince da su. A mafi yawansu babu abin da ya faru. Sau biyu aka ga wani ɗan abu a bakinta bayan ta daɗe tana yunƙuri kamar mai shirin amai, sannan ta haɗiye shi. Suka rubuta cewa ba su ga abin da za a kira ektofilasma ba. Richet da abokansa suka ce zaman ya yi kaɗan, kuma rashin ganin abu a wuri ɗaya ba ya soke ganinsa a wani wuri.

A zahiri maganar tana da ma'ana, amma ita ce ta raba wannan fage da aikinsa na kare. Anafilaksi na ƙara fitowa sarai ne gwargwadon yadda aka tsananta sa ido, kuma ya bayyana a hannun waɗanda ba su yarda da shi ba. Ektofilasma da telefati kuwa kullum suna raguwa ne gwargwadon yadda aka toshe ƙofofi. Tarin shaidu dubu da kowace ke da rami ba ya zama shaida guda marar rami. Bayan haka ma ya sake amincewa da wani matashi ɗan Sifen, Argamasilla, mai cewa yana ganin abin da ke cikin rufaffen akwatin ƙarfe, har sai da shahararren ɗan dabo Houdini ya nuna a 1924 cewa leƙe yake yi ta ƙasan ƙyallen da ke idonsa da kuma gefen murfin.

Abin da ya rubuta game da baƙar fata

Akwai wani fage na uku da Richet ya yi magana da muryar kimiyya ba tare da hujjar kimiyya ba, kuma shi ya fi shafar mutanen Afirka. A 1919 ya buga La Sélection humaine, inda ya jera jinsunan mutane hawa-hawa, ya sa farar fata a sama, baƙar fata a ƙasa kusa da birai. Ya nemi a hana auratayya tsakanin Turawa da sauran jinsuna, ya kuma goyi bayan kawar da jariran da aka haifa da naƙasa. Daga 1920 zuwa 1926 shi ne shugaban ƙungiyar Faransa mai rajin tace iri na ɗan Adam. Ya buga waɗannan abubuwa ne ana gama yaƙin duniya na farko, wanda dubban sojojin Afirka ta Yamma suka mutu a cikinsa suna kare ƙasarsa. Bai yi gwaji ko ɗaya a kan wannan da'awa ba, ko irin na karta. Ra'ayin ajinsa da zamaninsa ne ya ɗauka ya sa masa rigar farfesa, kuma mai riƙe da kyautar Nobel in ya yi magana ana saurare. Wanda ya san wannan littafi ba zai yi mamakin yadda ya yi watsi da Areski ba.

Ya shugabanci cibiyar Paris daga 1930, ya ci gaba da rubutu a kan kafar ji ta shida har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Paris a farkon watan Disamban 1935, yana da shekara 85. Shekara guda kafin nan wani Ba'amurke, J. B. Rhine na jami'ar Duke, ya buga littafin da ya mayar da binciken telefati kan karta da lissafi, wato inda Richet ya baro shi shekara hamsin baya. Shi ma ya sami rarar da wasu dakunan gwaji suka kasa maimaitawa yadda ya kamata, kuma har yau telefati bai shiga littattafan koyar da aikin jiki ba. Cibiyar da Richet ya taimaka aka kafa tana nan a Paris.

An daɗe ana kiran wani asibitin tsofaffi a Villiers-le-Bel, arewa da Paris, da sunansa. Garin na da ɗimbin mazauna ƴan asalin Afirka. A 2015, bayan wata takardar koke da jama'a suka sa wa hannu kan rubuce-rubucensa na wariyar launin fata, hukumomi suka cire sunan. Aka maye shi da na Adélaïde Hautval, likitar ƙwaƙwalwa ƴar Faransa da ƴan Nazi suka tsare a sansanin Auschwitz, inda ta ƙi taimaka wa likitocinsu a gwaje-gwajen da suke yi a kan matan Yahudawa.